Gidan Zane-zane na Birnin Johannesburg: Tarihinsa, Kayayyakinsa da Matsalar Sunan Mai Fasaha

1.0 Gabatarwa

A yawancin manyan biranen duniya akan sami wani gida na musamman wanda hukumar birni take riƙe da shi da kuɗin jama'a, inda ake adana zane-zane da sassaƙe-sassaƙe domin kowa ya shiga ya gani. Ba safai manazarta harsunanmu sukan waiwayi irin wannan gida ba, domin ana ɗaukar al'amarinsa a matsayin na masu fenti da buroshi. Sai dai kuma duk abin da aka rataye a bangon gidan akwai ɗan rubutu a gefensa. Wani mutum ne ya zaɓi harshen da aka yi rubutun da shi, shi ne kuma ya yanke shawarar ko a ambaci sunan wanda ya yi aikin, ko kuwa a wadatu da sunan ƙabilarsa. A nan ne al'amarin ya shigo fagen mai nazarin harshe.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin gidan zane-zane na birnin Johannesburg da ke Afirka ta Kudu, wanda yake ɗaya daga cikin mafiya girma a nahiyar Afirka. Za a dubi kafuwarsa da gininsa da abubuwan da ya tara, sannan a tsaya a kan yadda ya ɗauki aikin baƙar fata, da irin sunan da ya ba shi. Daga ƙarshe za a kawo halin da ginin ya shiga, da darasin da ke ciki ga masu sha'awar raya harsunan Nijeriya.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a daidaita kalmomi. Bahaushe ya san "gidan tarihi", kamar Gidan Makama na Kano ko gidan tarihi na Jos, inda ake ajiye kayan kaka da kakanni domin su ba da labarin zamanin da ya shuɗe. Gidan da muke magana a kansa ya ɗan sha bamban, domin ana ajiye abu a cikinsa ne saboda kyawunsa da gwanintar mai yin sa. Saboda haka aka kira shi "gidan zane-zane" a wannan maƙala, duk da cewa akwai sassaƙa da ƙira da saƙa a cikinsa.

Kalmar "zane" ita kanta tana da faɗi a Hausa. Akwai zanen takarda, akwai zanen bango na magina, akwai zanen fuska na wanzamai. Ita kuwa "fasaha" daga Larabci muka aro ta, inda asalinta ya shafi iya magana, daga baya muka faɗaɗa ta har ta kai ga "kimiyya da fasaha". Abin lura shi ne, Hausa ba ta gina katanga tsakanin mai fasaha da mai sana'a ba. Maƙeri da masassaƙi da baduku da magini duk masu sana'a ne, wanda ya yi fice a cikinsu kuma shi ne gwani. Turawan ƙarni na 19 kuwa sun raba abin gida biyu. Zanen fenti da mutum-mutumi su ne fasaha mai daraja, wadda ake rubuta sunan mai ita. Tukwane da tabarmi da sanduna kuwa sana'ar hannu ce kawai, wadda ake kai wa gidan nazarin ƙabilu. Wannan rabo shi ne mabuɗin fahimtar tarihin gidan da za mu duba.

3.0 Kafuwar Gidan

An kafa birnin Johannesburg a 1886 bayan gano zinariya a yankin Witwatersrand, shi ya sa Zulu suke kiran sa Egoli, wato wurin zinariya. Cikin ƙanƙanen lokaci wasu 'yan kasuwa Turawa suka yi dukiya mai ɗimbin yawa daga ma'adinai, alhali baƙar fata ne suke shiga ramuka suna haƙa. Yawancin waɗannan attajirai a Landan suke kashe kuɗinsu, birnin da ya azurta su kuwa ana yi masa kallon sansanin leburori marar wayewa.

Florence Phillips, matar attajiri Lionel Phillips, ita ce ta tashi tsaye don a kawar da wannan gori. Ta bi abokan mijinta, irin su Otto Beit, tana neman gudummawa, har ana ba da labarin cewa ta sayar da zobenta na lu'ulu'u ta sayi zane-zanen farko. Wanda ya zaɓo mata kayan shi ne Hugh Lane, mutumin Ailan, wanda ya kafa gidan zane-zanen zamani na birnin Dablin a 1908. An fara nuna kayan a Landan a 1910, sannan aka kawo su Johannesburg aka buɗe wa jama'a a ƙarshen wannan shekara, a wani gini na aro na makarantar koyon aikin ma'adinai. A 1913 aka rattaba hannu a kan takardar kyauta wadda ta damƙa kayan amana a hannun majalisar birni. Shi kuwa Lane bai daɗe ba ya rasu, domin yana cikin jirgin ruwan Lusitania da Jamusawa suka nutsar a 1915.

Shekarun nan suna da muhimmanci. A 1910 ne aka haɗa yankuna huɗu aka kafa Tarayyar Afirka ta Kudu, bayan yaƙin da aka gwabza tsakanin Ingilishi da Turawan Bowa daga 1899 zuwa 1902. Haɗin kan da ake nema a lokacin na farar fata ne tsakaninsu. A 1913 kuma, shekarar da aka ba birni kyautar zane-zane, aka zartar da dokar da ta hana baƙar fata mallakar ƙasa sai a ɗan yanki ƙalilan. Ke nan gidan ya taso ne da manufar koya wa Baturen mulkin mallaka ɗanɗanon Turai, kuma kusan dukkan abin da Lane ya zaɓo aikin Ingila ne da Faransa da maƙwabtansu. Jillian Carman, wadda ta daɗe tana aiki a gidan, ta fito da wannan manufa fili a littafin da ta wallafa a 2006 game da kafuwarsa.

4.0 Ginin Gidan

Wanda ya tsara ginin shi ne Edwin Lutyens, Baturen Ingila wanda daga baya ya tsara fadar gwamnan mulkin mallaka a sabon birnin Delhi na Indiya. Masu tsara gine-gine na cikin ƙasar sun yi ƙorafi a kan ɗauko baƙo, amma Florence Phillips ta kafe. An aza harsashi a 1911 a gefen kudu na lambun shaƙatawa na Joubert, aka buɗe ginin a 1915 ba tare da an kammala shi ba, saboda ƙarancin kuɗi.

Akwai wani abu a tsarin ginin da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai. Babbar ƙofarsa kudu take kallo, inda layin dogo ya ratsa, ta juya wa lambun baya. An yi fatan za a rufe ramin layin dogon a yi fili a kansa wanda zai haɗa gidan da tsakiyar gari, amma hakan bai samu ba. Saboda haka gidan ya shafe shekaru saba'in yana fuskantar jiragen ƙasa, mutanen da ke hutawa a lambu kuwa bayansa suke gani. A 1940 aka ƙara masa fukafukai biyu, gabas da yamma, bisa tsarin Lutyens. A 1986, lokacin bikin cikar birnin shekara 100, aka gina sabon sashe a arewa mai ƙofa ta ɓangaren lambu, da zaurukan baje koli waɗanda wasunsu suke ƙarƙashin ƙasa, da rufin tagulla. Da wannan ƙari ne gidan ya kai zauruka 15, ga farfajiyar mutum-mutumi, ga ɗakin karatu da taskar takardu, ga ɗakunan ajiya da wurin gyaran zanen da ya tsufa.

5.0 Abubuwan da Gidan ya Tara

Kayan gidan sun haura 9,000, kuma kaɗan daga cikinsu ake iya bajewa a lokaci guda. Za a iya kasa su kashi huɗu. Kashi na farko shi ne zane-zanen Turai: aikin mutanen Holan na ƙarni na 17, da na Ingila na ƙarni na 19 kamar na Rossetti, da na Faransa kamar na Monet da Pissarro, da sassaƙar Rodin, har zuwa Picasso da Henry Moore a ƙarni na 20. Kashi na biyu shi ne zanen bugu, wato wanda ake kartawa a kan farantin tagulla ko katako, a shafa tawada a buga a takarda. Tushen wannan kashi shi ne wasiyyar Howard Pim ta 1934, wadda ta ƙunshi aikin Dürer da Rembrandt. Kashi na uku shi ne aikin 'yan Afirka ta Kudu na zamani, fari da baƙi, irin su Irma Stern da Pierneef da Sydney Kumalo da Jackson Hlungwani da William Kentridge. Kashi na huɗu shi ne kayan gargajiya na kudancin Afirka: matasan kai na itace, sanduna, battocin taba, akusan nono da adon duwatsu.

Idan aka bi shekarun da kowane kashi ya shigo gidan, za a ga cewa jerin nan jerin tarihi ne. Na Turai ne suka fara shiga, na 'yan ƙasa farar fata suka biyo baya, na baƙar fata kuwa su ne na ƙarshe.

6.0 Baƙar Fata da Gidan

A 1940 gidan ya sayi wani zane na Gerard Sekoto wanda ke nuna rawayen gidaje a wani titi na unguwar Sophiatown. Wannan shi ne karon farko da wani gidan zane-zane na hukuma a ƙasar ya sayi zanen baƙar fata. Sekoto ya bar ƙasar a 1947 ya tafi Faris, bai sake komawa ba har ya rasu a Faransa a 1993. Unguwar da ya zana ma ba ta tsira ba. Gwamnatin wariyar launin fata, wadda ta hau mulki a 1948, ta fara kwashe mazaunanta da ƙarfi a 1955, ta rushe gidajen, ta gina unguwar farar fata ta sa mata suna Triomf, wato nasara a harshen Afirkans. Sai a 2006 aka mayar mata da sunanta na asali. Ta haka zanen Sekoto ya zama shaida a kan wurin da aka shafe gininsa aka kuma shafe sunansa.

Bayan wannan saye, an shafe shekaru masu yawa gidan bai ƙara waiwayar baƙar fata ba, alhali ba su daina aiki ba. A cikin birnin kansa akwai cibiyar koyon zane ta titin Polly, wadda Cecil Skotnes ya jagoranta daga 1952, inda Sydney Kumalo ya yi koyo. A yankin Natal kuma akwai cibiyar Rorke's Drift da 'yan mishan suka kafa a farkon shekarun 1960. Sai a 1988, lokacin da mulkin wariya ya fara tangal-tangal, gidan ya shirya wani babban baje koli a ƙarƙashin kulawar Steven Sack, mai taken The Neglected Tradition, ma'ana gadon da aka yi watsi da shi. An tattaro aikin baƙar fata daga 1930 zuwa 1988, aka buga kundi mai ɗauke da taƙaitaccen tarihin masu aikin. Muhimmancin kundin shi ne ya tara sunaye da shekaru da wuraren haihuwa, abin da duk mai rubuta tarihi yake bukata kafin ya ce uffan.

7.0 Suna da Harshe

Matsalar ta fi tsanani a wajen kayan gargajiya. A rabin na biyu na shekarun 1980 gidan ya karɓi tarin matasan kai na itace da wani ɗan mishan mutumin Suwizalan mai suna Jaques ya tattara, sannan aka ba shi aron babban tarin Brenthurst, wanda attajiri Harry Oppenheimer ya sayo daga Ingila. A 1991 aka baje tarin Brenthurst da taken Art and Ambiguity. Wannan mataki ne babba, domin an ɗauko matashin kai daga sahun kayan nazarin ƙabilu an ajiye shi a gida ɗaya da Rodin. Amma da aka zo rubuta bayani sai aka tarar babu suna. Waɗanda suka kwashi kayan a ƙarni na 19 da farkon na 20, sojoji da 'yan mishan da 'yan kasuwa, ba su damu da tambayar wa ya sassaƙa ba. Abin da suka bari shi ne "Zulu" ko "Tsonga" ko "Shona".

Manazartan da suka yi aiki a kan tarin sun nuna cewa ko waɗannan sunayen ƙabilu ba abin dogaro ba ne. Masassaƙa suna yawo, suna sayar wa maƙwabta, suna kuma yi wa Turawa aiki daidai da abin da suke so. Akwai wani gwani da ake zaton Batsonge ne da ya yi aiki a Natal a ƙarshen ƙarni na 19, wanda ake gane hannunsa ta sandunan da yake sassaƙa wa gwaggon biri a ka. Da yake sunansa ya ɓata, masana sai suka laƙaba masa "gwanin gwaggon biri", da wannan laƙabi ake kiran sa a littattafai.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga mai nazarin Hausa. Babbar riga mai aska takwas takan ratsa hannun masaƙi da marini da maɗinki da mai surfani da mabugi, kuma sau da yawa wasunsu Nufawa ne. Idan ta shiga gidan ajiya a Turai, kalma ɗaya ake rubuta mata, "Hausa", duk waɗannan hannaye su ɓace. Amma kuma mutanen Zariya ba su manta da Babban Gwani ba, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim a ƙarni na 19. Haka nan sunan Ladi Kwali, Bagwariya maginiyar tukwane, ya kai ga takardar naira 20, domin an rubuta shi tun tana raye. Wannan yana nuna cewa al'ummomin Afirka sun san gwanayensu. Rashin sunan daga wajen mai tattarawa ya taso, wanda bai yi tambaya ba, ko kuwa bai iya harshen da zai yi tambayar da shi ba.

Daga nan sai batun harshen bayani. Lokacin da aka kafa gidan, Ingilishi da Holanci ne harsunan hukuma, a 1925 aka shigo da Afirkans. Da waɗannan harsuna hukumomin birni suka yi aiki har ƙarshen mulkin wariya, kuma ba a manta cewa tilasta Afirkans a makarantu ne ya haddasa boren Soweto a 1976 ba. Tsarin mulkin 1996 ya amince da harsuna 11, a 2023 aka ƙara harshen bebaye ya zama na 12. Ƙidayar 2011 kuma ta nuna cewa Zulu ne harshen gida mafi yawan masu magana a Johannesburg. Duk da haka, Ingilishi ne harshen da ake rubuta yawancin nazarin fasaha a ƙasar. Matashin kai yana da sunansa a harshen wanda ya kwana a kansa, sassansa da ƙirarsa duk suna da suna. Idan ba a rubuta waɗannan kalmomi ba, an adana itacen an bar ilmin da ke tattare da shi.

8.0 Taɓarɓarewar Ginin

Wani abin takaici shi ne, a daidai lokacin da gidan ya fara buɗe ƙofarsa ga kowa, a lokacin ne masu kuɗi suka fara guje wa unguwar. Tun cikin shekarun 1980 baƙar fata suka fara zama a Hillbrow da kewayen lambun Joubert duk da dokar raba unguwanni, wadda aka soke a 1991. Kamfanoni da farar fata suka yi ƙaura zuwa arewacin birni, har kasuwar hannun jari ta koma Sandton a 2000. Gidan ya wayi gari a tsakiyar tashoshin mota da 'yan tireda da cunkoson talakawa. Tsofaffin masu ziyara suka ɗauke ƙafa, sababbin maƙwabta kuwa ba a saba gayyatar su ba.

Ginin ma ya shiga wani hali. Rufin sashen 1986 bai daɗe ba ya fara yoyo, ɓarayi suka riƙa ɓamɓare tagullarsa, gyare-gyaren da aka yi kuma ba su yi ƙarko ba. A farkon 2017 ruwan sama ya yi ɓarnar da ta sa aka rufe gidan na wani lokaci. Danshi kuwa shi ne babban abokin gabar zane, domin yana sa fenti ya ɗaye, takarda ta yi fumfuna, itace ya tsage. A 2024 ƙungiyar abokan gidan da gidauniyar kare kayan tarihi ta Johannesburg suka tunkari hukumar birni ta hannun lauyoyi, suna neman a kwashe kayan zuwa wuri mai aminci, suna kafa hujja da takardar kyauta ta 1913. Wato takardar da attajiran mulkin mallaka suka rubuta domin kare zanen Turai, ita ce aka ɗauko bayan shekara 111 domin kare har da aikin Sekoto da matasan kan Tsonga.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga yadda gidan zane-zane na Johannesburg ya taso daga dukiyar zinariya a 1910, da yadda aka gina shi a matakai uku, da irin kayan da ya tara, da jinkirin da ya yi kafin ya karɓi aikin baƙar fata, da halin da sakaci ya jefa shi. Tarihin ya nuna cewa tara kaya ya fi riƙon su sauƙi, kuma gidan jama'a ba ya ɗorewa sai maƙwabtansa sun ɗauke shi nasu.

A Nijeriya, manyan gidajen ajiya na gwamnatin tarayya ne, kamar na Jos da aka buɗe a 1952, da na Legas a 1957, da hukumar zane-zane ta ƙasa da aka kafa a 1993. Akwai aiki iri biyu da ke jiran sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu dangane da su. Na farko shi ne tattara kalmomin sana'o'i daga bakin masu su, tare da sunayen gwanaye da garuruwansu da waɗanda suka koya musu, tun kafin tsofaffin su ƙare. Na biyu shi ne samar da daidaitattun kalmomi da za a rubuta bayanin kaya da su cikin Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsuna, domin manomi ko ɗan makaranta da ya shiga gidan ya karanta da harshen da ya tashi da shi. Ɗalibin da aka tura garinsu ya rubuta kundin digiri a kan ƙira ko jima ko ɗinki, a umurce shi da ya rubuta cikakken sunan duk gwanin da ya zanta da shi, da yardarsa, da shekarar da aka yi zantawar.